Sadaukin da Bai Iya Zama Ba

Masu riƙe da labarin mutanen farko sun ce a Birnin Zarmiya an yi wani sarki, Nomau, mai ɗa guda, Shekarau, sadaukin da ba a taɓa ganin ya zauna ya gama cin tuwo ba. Kullum ƙafarsa na ƙaiƙayi, har uban ya gaji, ya ce ya shiga duniya ya nemo abin da zai zaunar da shi.

Kwana arba'in ya yi yana keta Saharar Baƙin Yashi kafin ya isa fadar Ɗamraƙu, Sarkin Aljanu, fada mai ginshiƙan dutsen zubarjadi da ƙofofin murjani da tsuntsayen azurfa masu tasbihi. Can ya ga 'yar sarkin, Gimbiya Nuzhatu, so ya kama su su biyun, ya nemi aurenta. Aka kai shi zaurenta. Ta dube shi sau ɗaya, ta juya masa baya, ta zauna bisa darduma.

To, a al'adar aljanu, mace ba ta ba da bayanta sai ga wanda ta amince wa da ranta, amsarsa kuwa ita ce ya zauna ya jingina bayansa da nata. Sau uku ake wannan zama cikin shekara. In na uku ya wuce ba a amsa ba, sai ta shiga Rijiyar Mantuwa shekara saba'in, abin da ga aljani ɗan gyangyaɗi ne, ga ɗan Adam kuwa rayuwa ce sukutum.

Amma a Zarmiya wanda aka juya wa baya an kore shi ke nan. Shekarau ya ce a ransa ta raina shi don ya zo hannu rabbana. Ya tambaya mana? Ina! Girman kai rawanin tsiya. Ya kaɗa alkyabba ya fice, ya bar ta tana jin sawunsa na nisa, hawaye na zuba.

Ya nufi Tekun Guba, ya yi kwana bakwai yana fafatawa da dodo mai kai tara, ya ciro lu'ulu'un da ke goshinsa, ya kawo ya ajiye gabanta. Ta sake juya baya. Ya tsaya yana huci, yana sauya ƙafa, sannan ya ce lallai wannan ma bai isa ba, ya fita. Ita kuwa ta ɗauka yana biyanta ne don ta rabu da shi, kuma ba ta aika a kira shi ba, don ita ma 'yar sarki ce. Haushin su biyun nake ji, wallahi.

Wannan karon Birnin Matsafa ya tasar wa, inda gumakan tagulla ke gadin ganuwa, don ya kawo mata rawanin Boka Ƙarzum, wanda ya taɓa nemanta ta ƙi shi. Suka gwabza har takobi ya karya sihiri. Da Ƙarzum ya ji kaifi a wuya, ya tambayi dalilin wannan gaba, Shekarau ya gaya masa. Sai boka ya bushe da dariya.

"Ya kai ɗan Nomau, shekara ɗari uku ina roƙon ta juya mini baya, fuska kawai take ba ni kamar kowane baƙo. Kai an ba ka sau biyu ka tafi farautar dodanni? Zama kawai ake so ka yi. Jibi da la'asar shekara ke cika, rijiya na jiranta."

Tsoro ya kama Shekarau, shi da bai san tsoro ba. Ya bar boka da rawaninsa, ya yi sukuwa har dokinsa ya faɗi, ya ci gaba da gudu da ƙafa, takalmansa suka tsinke. Ya faɗa zauren rana ta karkata, an riga an buɗe murfin rijiya, Nuzhatu na zaune ta ba ƙofa baya, ta fara naɗe bakin dardumarta.

Ya yar da takobi. Ya zauna, ya jingina bayansa da nata.

"Sau biyu na ba ka raina, ka kawo mini dutse," in ji ta.

"A garinmu korata kika yi, ranki ya daɗe."

"Da ka tambaya."

"Da kin faɗa."

Babu wanda ya motsa a cikinsu har aka mayar da murfin rijiya.

Aka ɗaura aure, suka koma Zarmiya, Sarki Nomau ya sauka ya naɗa ɗansa. Umarnin farko da sabon sarki ya bayar shi ne a sassaƙa masa karaga mai mazauni biyu da majingini ɗaya. Baƙi in sun shigo fada suka tarar sarki da sarauniya sun ba juna baya, sai su yi ta raɗa wai faɗa suka yi. Tsoho Nomau dai murmushi yake yi, don ya ga ɗansa a zaune, har tuwo yana gamawa.