Wuyan Jiminar da Aka Miƙe

A zamanin da, a wata ƙasa ta hamada, akwai wani mutum wanda ya gaji aikin share duwatsu daga wurin mahaifinsa. A ƙasarsu akwai wani fili shimfiɗe da baƙaƙen duwatsu, ƙasar da ke ƙarƙashinsu kuwa fara ce tas. Kakanninsu sun kafa turaku, suka ja igiyoyi, suka yi ta kwashe duwatsun suna jerawa gefe, har farar ƙasar ta fito da siffar jimina. Girmanta ya kai inda mutum zai tsaya a kanta bai san jimina ba ce, sai ya ɗauka hanya ce kawai. Sai wanda ya hau tudun da matafiya ke gangarowa ne yake ganinta sosai.

Ba don ado suka yi ta ba. Akwai wata rijiya a ɓoye cikin tsagin dutse, rairayi kuma yana sauya wuri kowace shekara, har madugu ma ba ya dogara da idonsa. Matafiyi in ya hau tudu sai ya duba inda bakin jiminar ya nuna, ya bi, ya sami ruwa.

Kowace shekara bayan iska ta lafa, mutanen garin sukan fito, kowane gida ya share rabonsa. Rabon mutumin nan shi ne wuya, mai tsawo, mai lanƙwasa a ƙarshe. Ya share shi yana saurayi, ya share shi har furfura ta fito masa, bai taɓa hawa tudun ba, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Bayansa ya sage, yatsunsa suka tsattsage. Ya gaji ƙwarai, ni kuwa ban ga laifinsa a nan ba.

Wata shekara ya tsaya a kan lanƙwasar, ya ce wa matarsa, “Wannan karkata kuskure ne. Igiyar kakanninmu ce ta saki, mu kuma muna ta wahala a banza. In na miƙe ta, aikin zai ragu.”

Matar ta ce, “Maigida, yadda ka tarar da ita ka bar ta. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.”

Ya ce, “Ke ba bayanki ke ciwo ba.”

Sai ya mai da duwatsu ya rufe lanƙwasar, ya buɗe sabon layi miƙaƙƙe sak, ya zana bakin a ƙarshensa. Aikin ya yi kyau, ya kuma gama kafin maƙwabtansa. Ya koma gida ya kwanta.

To, mutumin nan yana da ɗa guda ɗaya, wanda ya tafi fataucin gishiri tare da abokansa. Lokacin dawowarsu ya yi, har ya wuce, shiru. Uwar ta daina cin abinci. Da abin ya ishi mutumin, sai ya cika salka da ruwa, ya ɗora wa jaki, ya nufi tudun ko zai hango su.

Ranar ce ya fara ganin abin da ya yi shekaru yana sharewa. Ga ƙafafu, ga fukafukai, kowane gida ya riƙe nasa yadda aka bar masa. Ga kuma wuyan, miƙaƙƙe kamar sanda, bakin yana nuna inda babu kome sai rairayi. Da ya dubi ƙasa, sai ga sawun raƙuma sun gangara, sun bi bakin daidai.

Ya bi sawun yana kuka. Ya tarar da raƙuma a mace, ya tarar da abokan ɗansa waɗanda ruwa ba zai ƙara yi musu amfani ba. Can gaba ya sami ɗansa kwance a inuwar sirdi, da sauran numfashi. Ya ɗiga masa ruwa a baki har ya buɗe ido. Ɗan ya ce, “Baba, ban kauce ba. Bakin jimina muka bi, yadda ka koya mini.”

To, ga ma'anar misalin nan. Filin duwatsun shi ne ikkilisiya, wato jama'ar masu bi, layin da aka ba kowane gida kuwa shi ne ɗan aikin da Ubangiji ya danƙa maka. Ke mai share majami'a ran Asabar, da kai mai koya wa yara Maganar Allah suna ta surutu, da ku iyaye masu tara iyali addu'a da safe ido na lumshewa, duk a ƙasa muke tsaye, ba ma ganin jiminar. Gajiya ba zunubi ba ce. Ni ma nakan gaji, wata Lahadin da ƙyar nake jawo ƙafata zuwa ajin nan da nake koya muku. Mutumin nan da ya zauna ya huta, ko ya roƙi maƙwabci ya kama masa, da ba abin da ya faru. Amma ya bar gajiya ta yi masa hukunci, ya kira abin da bai gane ba kuskure.

Haka muke yi. Abin da ya yi mana wuya cikin koyarwa, kamar yafe wa wanda ya cuce mu, ko faɗin gaskiya inda za ta jawo mana hasara, sai mu ce na mutanen da ne, mu miƙe shi. Ba a ranar ake ganin ɓarnar ba, ba kuma mai miƙewar ne yake fara jin ƙishin ba. In kun gaji, ku faɗa, a kama muku, amma kada ku taɓa layin. Akwai wanda yake tsaye a kan tudu yana duban inda kuka nuna, zai kuwa bi ba tare da shakka ba, gama ya san hannun mahaifinsa ne ya share shi.