Gurbi Ɗaya a Motar Kukar Bawa

Ku gyara zama, akwai wata magana da na jima ina juyawa a raina, yau zan ɗora muku ita ku taya ni ɗauka.

A shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya zagaye ƙauyen Kukar Bawa ta kowace fuska, ya cinye gonaki, ya shiga rijiyoyi. Ba a jima ba amai da gudawa suka ɓarke. Mutum zai wayi gari da ƙafarsa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa. Hanya ɗaya ta rage zuwa asibiti, wata doguwar jigawa mai yashi wadda ruwa bai kai ga rufewa ba, a ƙarshenta kuma akwai hawa mai tsauri.

Mota ɗaya ce a garin, tsohuwar a-kori-kura ta wani direba mai suna Nababa. Tana da ƙara kamar tirela, amma da ta shiga yashin da marasa lafiya sai ta yi ta gurnani a wuri ɗaya, tayoyi na tona rami. Haka aka sauke mutanen aka mayar da su gida a kafaɗa, biyu daga cikinsu ba su kai magariba ba.

A garin akwai abokai uku tun na ƙuruciya, Sallau da Barau da Tanimu.

Sallau tsohon bakanike ne da ya yi zamaninsa a birni, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya dawo da shi gida. Ko cokali ba ya iya riƙewa, matarsa Tabawa ke ba shi abinci a baki. Ya sa aka ɗauke shi a kan tabarma aka ajiye kusa da motar, ya ce Nababa ya tada ta ya ba ta wuta. Ya saurara, ya sa aka leƙa masa ƙarƙashinta, sannan ya ce injin lafiyarsa ƙalau, numfashi ne ya gagare shi. Wanda ya sayar wa Nababa motar ya ɗaura mata salansar babbar mota don son ƙara. Bututun ya yi wa injin faɗi, hayaƙi na fita a kasalance, shi ya sa ba ta da ƙarfin ja idan tana tafiya a hankali. Manifol kuma, wato ƙarfen nan mai rassa huɗu da ke kwaso hayaƙi daga bakin inji ya haɗa shi a bututu ɗaya, ya tsage an yi masa faci, wani reshe gajere wani dogo, hayaƙin wannan na tare wa na wancan hanya.

“A yi rassan tsawonsu ɗaya,” in ji shi, “a samo bututu daidai ƙarfinta. In ya matse zai shaƙe ta, in ya yi faɗi mun koma gidan jiya.” Ya nuna musu faɗin da yake nufi da yatsun hannunsa da ke ɗan motsi.

Barau mai walda ne, ƙofofi da garmar shanu yake gyarawa, bai taɓa yin manifol ba. Ya kwance bututan injin ban-ruwansa, wanda da shi yake noman rani ya ciyar da gidansa, ya yanyanka su. Ya riƙa cusa musu yashi yana gasa su a wuta yana lanƙwasawa, don kada su ƙwanƙwance a gwiwa. Ya yi ya ɓata, ya sake yi, Sallau na kwance yana cewa wannan ya ɗara wancan. Gilashin waldarsa ya tafi da ruwa, don haka da ido tsirara ya haɗa rassan. Da ya gama, idanunsa sun kumbura sun rufe, hawaye kawai ke zuba, har yau kuma ba ya gani sosai.

Tanimu masunci ne. An bincike garin kaf ba a sami bututun da ya yi daidai da awon Sallau ba, sai ya tuna da wata ƙaramar mota da ta taɓa kifewa a tsallaken fadama aka bar gawarta a can. Kwalekwalensa ya fashe tun farkon ambaliyar. Ya ɗaura zarto a bayansa ya shiga ruwan nan da ke ɗauke da mushen dabbobi da ƙazantar masai, ya yi iyo ya haye. Motar ta nutse rabi. Ya riƙa nutso yana yanka yana ɗagowa ya sha iska, ruwan na shiga masa baki, har ya raba bututun da jikinta. Ya dawo da shi a wuya, jikinsa duk yanka.

Aka ɗaura wa motar sabon manifol da bututun. Ƙarar motar ta ragu, amma da Nababa ya sa giya ta shiga yashin sai ta riƙa tafiya a natse kamar saniyar huɗa, ta haye hawan. Tun daga ranar take jigila, sawu bayan sawu. Wasu sun rasu a hanya, da yawa sun rayu. Nababa ya gane iyakar abin da take iya ɗauka, domin ranar da tausayi ya sa ya ƙara mutum ɗaya a kan haka, a tsakiyar hawan ta tsaya, tana zamewa baya, da ƙyar aka tare ta da duwatsu.

Ruwa kuwa bai daina ƙaruwa ba. Wata safiya Nababa ya dawo ya ce ruwan ya fara lasar jigawar, wannan sawun shi ne na ƙarshe, in ya haye babu dawowa sai ambaliya ta janye. Aka loda waɗanda suka fi galabaita, ba a ɗauki ko mai jinya ɗaya ba. Gurbin mutum ɗaya ya rage.

A lokacin ne aka iso da mutum uku. Aka kawo Tabawa matar Sallau, ciwon ya kama ta da asuba, kuma in ta rasu babu mai juya shi a shimfiɗa. Aka kawo Hajjo 'yar Barau, ita kaɗai ya haifa, ga tsohon ciki. Aka kawo Tanimu shi da kansa a kan ƙyauren ɗaki, ruwan da ya sha a fadama ya yi aikinsa, 'ya'yansa ƙanana na biye, uwarsu kuwa tana cikin waɗanda aka binne tun farko.

Sallau na kallon matarsa. Barau na laluben hannun 'yarsa. Tanimu kuwa ciwon ya riga ya galabaitar da shi. Nababa ya bar injin a kunne, ya juyo ga dattawan gari ya ce, “Ku zaɓa mini ɗaya. In na ɗauki biyu, duk wanda ke cikin motar nan ba zai kai ba.”

Ba don kunnen Sallau ba, da babu wanda ya san abin da ke damun motar. Barau ne ya mayar da maganar ƙarfe, ya ba da injinsa da idanunsa. Aikin su biyun kuma da ya tashi a banza in Tanimu bai shiga ruwan nan ba.

To, da ku ne dattawan da Nababa ya tsaya yana kallo, wa za ku ce a ɗora?