Ranar da Damo Ya Ƙi Cewa Wasa Ne

Sagiru, Bara'atu, Tasi'u, da kai auta Nafi'u, ku natsu ku karanta wannan, in kun gama ku karanta wa 'ya'yanku. Tun da aka dakatar da Nafi'u daga wasan nan da kuke yi a waya, kunnena bai huta ba. Kowa ya shigo sai ya ce in sa Bara'atu ta janye ƙarar da ta kai, wai zagin da ya yi mata wasa ne na 'yan'uwa. Ba zan ce komai ba sai kun ji labarin Damo.

An yi wani zamani da waya ta shiga daji, dabbobi suka kamu da wani wasa da ake kira Tsaron Rumbu. Kowa yana cikin raminsa ko kan reshensa, amma a cikin waya sai a haɗu rukuni-rukuni. Ku tsare rumbunku, ku kai wa na abokan karawa hari. Ana yi ana jin muryar juna, kamar ana zaune a tabarma ɗaya.

A rukunin Gindin Kuka akwai Biri, mai saurin yatsa da ƙazamin baki. Akwai Kurege, shugaban rukunin, wanda ba abin da yake so a duniya kamar a ce sun ci. Akwai kuma Damo, wanda aka daɗe ana yi wa kirari da sarkin haƙuri, har shi kansa ya ɗauka haƙurin nan fatarsa ce, ba ta cirewa.

Biri shi ne mai kai hari, kuma gaskiya ya iya. Sunansa na wasa Aradu, ya tara masa taurari har ba wanda ya kai shi a dajin. Abu ɗaya ne ba a taɓa masa: rabin wutsiyarsa da kare ya gutsire a gonar masara. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Damo kuwa aikinsa gyaran katanga. Duk inda abokan karawa suka fasa, shi zai lallaɓa ya toshe. Aiki ne da ba a ganinsa sai ranar da ba a yi shi ba.

"Kai Damo!" Biri zai daka tsawa. "Da ƙafa kake danna wayar ko da haɓa? Katanga tana zubewa kana ƙifta ido!"

"Ga ni nan, ina kai," in ji Damo.

"Kana kai? Kafin ka kai an yi girbin baɗi! Wallahi da a ba ni kai, gara a ba ni kututture."

Sai Kurege ya ƙyalƙyale da dariya. "Aradu ke nan! Ka ƙyale shi, Damo, bakinsa ne haka. Zuciyarsa fara ce tas."

Da farko su huɗu ne, har da Zabuwa. Biri ya sa ta a gaba, yau ya ce mata mai sanƙo, gobe ya ce kanta ba komai sai iska. Rannan ana tsakiyar wasa aka ji ta fashe da kuka, ta kashe waya. Ba ta sake dawowa ba.

"Ba ta san wasa ba," in ji Kurege. Aka ci gaba.

Damo ya haɗiye. Ya haɗiye na rani, ya haɗiye na bazara. Wasan da ya shiga don nishaɗi ya koma masa kamar zuwa wurin wanzami.

Wata rana da hantsi suna karawa da rukunin Bakin Gulbi. Sabis ya ɗauke wa Damo na ɗan lokaci, kafin ya dawo an fasa katanga, an kwashe rumbu.

Biri ya buɗe baki. Ya zagi Damo, ya zagi tafiyarsa, ya zagi fatarsa. Da bai ƙoshi ba sai ya haura sama. Ya kama sunan uwar Damo, ya yi mata zagin da ba zan sa a takarda ba.

Ashe tsohuwar tana kwance a gefen ramin tana shan hantsi, muryar kuma tana fita a fili. Ta ɗaga kai a hankali.

"Ɗan nan, wa ke kirana?"

"Ba kowa, Iya."

"Na ji sunana. Wane ne? Na san shi? Me na yi masa?"

Damo ya dubi tsohuwar, ya dubi wayar. A gefen fuskar wayar akwai wani ɗan maɓalli na kai ƙara, wanda ya sha gani yana kau da kai. Ran nan bai kau da kai ba. Ya sa farce ya danna.

Gauraka ce mai kula da wasan, kuma ba ta da wasa. Kafin azahar, sai ta rufe sunan Aradu. Ta yi shela cewa za a zauna a babban zauren wasan, inda duk daji ke saurare. Idan wanda ya kai ƙara ya ce wasa ne, za a buɗe. Idan bai ce ba, za a shafe sunan da taurarinsa kaf, mai laifi ya koma cikin 'yan koyo, a kuma rufe masa murya har sai 'yan koyon da kansu sun shaide shi da alheri.

Ga shi kuwa babbar gasar kaka ta matso.

Kurege ya zo ramin Damo a guje, ko sallama bai ƙarasa ba. "Damo, me ka yi mana? Ka san ba Aradu ba gasa!"

"Na sani."

"To ka je ka ce wasa ne. Mun riga mun shirya magana. Biri zai ce kai taubashinsa ne. Ka san taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, ko me suka faɗa wa juna ba a shiga tsakaninsu. Kai dai ka ce e, shi ke nan."

"Ta ina muka haɗa kaka da Biri?"

"Haba Damo! Ba kai ne sarkin haƙuri ba?"

"Ni ne. Shi ya sa duk wanda ya ga dama yake juye shararsa a ƙofata. Kurege, tun da ake zagina, ka taɓa zuwa gidan Biri a guje haka?"

Kurege ya sosa ƙeya. "Ai shi ba ya jin magana."

"Wato mai jin magana shi ake ɗora wa kaya. Na gane."

Da la'asar sai ga Biri da kansa. Bai zo ƙofar rami ba. Ya tsaya a bayan wani suri, ya waiga hagu, ya waiga dama, sannan ya yi wa Damo fito.

"To, in ka ji haushi ka yi haƙuri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ya wuce ko?"

"Ɗaga murya, ban ji ba."

"Kai, kada wani ya ji mana!"

"Da kake zagin uwata ka damu da kada wani ya ji? A kasuwa ka zage ni, Biri, ba za ka ba ni haƙuri a bayan suri ba. Gobe a zaure ka faɗa, kowa ya ji, ni kuma in roƙi Gauraka ta sassauta."

Biri ya yi tsalle kamar an ɗana masa garwashi. "Ni? Aradu? In durƙusa wa mai gyaran katanga a gaban daji? Allah ya kiyaye!"

"To, mu haɗu a zaure."

Washegari zaure ya cika. Daga Bakin Gulbi har Kan Dutse, kowa ya kunna waya ya kasa kunne. Gauraka ta gyara murya.

"Biri, an ji abin da ka faɗa. Me za ka ce?"

"Ranki ya daɗe, wasa ne," in ji Biri, murya kamar zuma. "Damo taubashina ne. Haka muke yi tun muna yara. A tambayi shugabanmu."

"Haka ne, ranki ya daɗe," in ji Kurege da sauri. "Taubasai ne."

"Damo, ka ji. Taubashinka ne?"

Damo ya san abin da ake jira. Kalma ɗaya ake so, kowa ya huta, a ce masa Allah ya yi albarka. Ya saba da wannan hanyar, ya san duk kwanarta. Amma sai ya ce:

"Ranki ya daɗe, ni dai abin da na sani, wasan taubasai ba hanya ɗaya yake bi ba. In ka yi mini, in rama, mu yi dariya tare. Shi ya daɗe yana yin nasa. A ba ni dama in yi nawa sau ɗaya. In ya yi dariya, na yarda taubashina ne, a buɗe masa."

"Wannan adalci ne," in ji Gauraka. "Biri, ka yarda?"

"Me Damo zai faɗa? Ya yi mana!"

Damo ya gyara kwanciya. "Taubashi, dama na daɗe ina son in tambaye ka. Karen nan na gonar masara, ya ce zai dawo maka da ragowar wutsiyar, ko ajiya ka ba shi?"

Sai wani Kwaɗo daga Bakin Gulbi ya kasa riƙewa, ya tuntsire da dariya. Shi ke nan, daji ya ɗauka gaba ɗaya.

Biri ya manta da zuma, ya manta da Gauraka, ya manta da gasa.

"Ni za ka ci wa mutunci? Kai ɗin banza, mai jan ciki! Wa ya haɗa ni da kai? Ina biri ina damo? Ko a mafarki ban haɗa jini da irinku ba! Kai da uwar taka..."

Ƙit! Gauraka ta rufe masa murya.

"Ya isa. Ka ce taubashinka ne, yanzu ka ce ba ku haɗa jini ba. Na karɓi ta biyun, don ita ce ta fito daga ciki. Damo, saura kai. Wasa ne?"

"Ba wasa ba ne, ranki ya daɗe. Bai taɓa zama wasa ba."

Nan take aka shafe Aradu. Taurarin da aka daɗe ana tarawa suka tafi kamar an hure toka.

Gasa ta zo. Damo ya je da kansa ya roƙi Zabuwa ta dawo, ta dawo tana ɗari-ɗari. Ba zan yi muku ƙarya ba, tun a zagayen farko aka fitar da su. Kurege ya yi kwanaki ba ya amsa sallamar Damo.

"Ka ji daɗi?" ya ce ranar da ya buɗe baki. "Ka jawo mana kunya."

"Mun sha kashi," in ji Damo, "amma na kashe wayata ban ji kamar an yi mini wanka da ruwan kwata ba. In kofi kake so da zagin uwa a ciki, ka kawo taka uwar a zaga. Tawa ta gama nata."

Biri kuwa yana can cikin 'yan koyo, baki a rufe. 'Yan tsaki, 'yan ɓeraye, 'yan kunkuru, masu harbin rumbunsu da kansu. Da farko in suka yi kuskure sai ya yi ta ihu a kan reshe, ba mai ji sai ganye. Da ya gaji da shan kashi, ya ga ba mafita sai ya taimake su. Ya riƙa tsayawa a gabansu yana tare musu hari. Har gyaran katanga ya koya, ya gane ashe aikin yana cin yatsa.

Abin da ya fi damunsa shi ne yadda 'yan koyon ke yi in sun kuskure. Tun kafin kowa ya ce komai za su hau rawar murya: "Don Allah kada a zage ni." Bai taɓa jin wannan ba, don da can muryarsa ce ke rufe ta kowa.

Sai da wata damina ta wuce kafin 'yan koyo su shaide shi. Gauraka ta buɗe masa murya a babban zaure. Kowa ya kasa kunne.

"Damo," in ji Biri, "na zage ka, na zagi Iya. Ba wasa ba ne, wulaƙanci ne. Zabuwa, ke ma haka. Ku yafe mini."

"Na ji," in ji Damo. "Iya ma ta ji, ta ce Allah ya shirya. Na yafe."

Kurege ya yi tsalle. "Alhamdu lillahi! To gobe Biri ya dawo wurinsa!"

"Wane wuri? Zabuwa ce mai kai hari yanzu. Ita ta zo lokacin da ba kowa. Zagi na yafe, ban yi alkawarin kujera ba."

"To ni ina zan nufa?" in ji Biri.

"Ga 'yan koyonka nan, ka kafa rukuni da su. Mu haɗu a fili. Ka zo da shirinka, don katangata ba ta faɗuwa da sauƙi."

Darasin wannan labari shi ne, wasan da mutum ɗaya ne kawai ke dariya a cikinsa ba wasa ba ne, kuma gwaninta ba ta wanke ƙazamin baki. Wanda ya yi ɓarna a bainar jama'a, a bainar jama'a zai gyara, hukunci kuma a bar shi ya yi aikinsa. Ku da kuke matsa wa mai haƙuri don kun san shi ne mai sauƙin lanƙwasawa, laifinku bai gaza na mai zagin ba. Saboda haka, Sagiru, kai ne babba. Ka tara su ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kada wanda ya sake ce wa Bara'atu ta janye komai. Nafi'u ya zo ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a gaban duk waɗanda suka ji zagin, har abokan wasan naku ku kira su a waya. Ku kashe maganar nan a tsakaninku, kada ku bari sai na taso.