Ranar da Nafosat Ta Hana a Buɗe Tukunya

A shekara ashirin da uku da na yi ina koyar da aikin gida a makarantar ƙauyenmu da ke bayan Kokand, ban taɓa koyar da yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa kamar Nafosat ba. Ban kuma taɓa ganin mai garaje irinta ba. Ita ke fara miƙa takardar jarrabawa, ita ke ƙarasa wa malami maganar da ya ɗauko tun bai dire ba. Idan wani ɗalibi ya tsaya tunani kafin ya ba da amsa, sai ka ji tana ƙwanƙwasa biro a kan tebur. A ganinta, duk mai yin abu a hankali kansa ne ba ya ja. Shekararta goma sha biyar a lokacin, tana aji tara.

Al'adar makarantarmu ce duk shekara 'yan aji tara su ciyar da tsofaffin unguwa ranar bikin Nauruz, wato sabuwar shekararmu ta gargajiya. Nakan raba su uku-uku, kowane rukuni da abincinsa, bisa sharaɗin su koyo shi a hannun wani babba, su yi gwaji a gabana, sannan su dafa ranar biki. Rukunin da ido ya fi yawa a kansa shi ne mai dafa osh, domin mu nan ko me aka ci, in ba a kawo shinkafar nan da nama da karas ba, to ba a yi taro ba. A wannan shekara ƙuri'a ta faɗa kan Nafosat, da Behruz ɗan mahauci wanda bakinsa ba ya hutawa, da wata yarinya shiru-shiru mai suna Zebo, wadda 'yan aji ke kira Kunkuru.

Zebo ta ce, "Mu je wurin kakana. Shekara arba'in yana dafa osh a gidajen biki kafin idonsa ya yi rauni."

Nafosat ta ɗaga wayarta ta ce, "Ga shi nan na kalla, minti shida kacal. Mai, albasa, nama, karas, shinkafa. Mene ne a ciki har sai mun je mun tasa tsoho a gaba yana ba mu labarin zamanin da?"

Behruz ya ce, "Wato kakan Zebo shekara arba'in ya ɓata a kan abin minti shida? Allah sarki, a je a sanar da shi."

"Kai dai ka kawo nama, ka rufe mana baki."

Haka aka tashi ba su je wurin kakan ba. Amma ranar gwaji sai ga Zebo da ƙullin jar shinkafa, irin mai nauyin nan da ake adanawa ta shekara kafin a dafa. Kakanta, Tursun bobo (bobo shi ne kaka a harshenmu), shi ya ba ta da ya ji jikarsa za ta tsaya a kan tukunya.

Ƙa'idata ce ba na sa baki ranar gwaji sai in na ga wuta za ta kama mutum. Na samu kujera a tsakar makaranta na zuba ido. Zebo ta fara yanka karas siriri-siriri, Nafosat ta ƙwace ta goge shi a magogi. Zebo ta ce a jiƙa shinkafar a ruwan ɗumi, Nafosat ta ce ba lokaci. Ta cusa itace a murhu har wuta na lasar bakin tukunya. Ta zuba shinkafa, ta sa ludayi ta gauraya ta da nama kamar mai dama kunu. Bayan ta rufe kuma, sau huɗu tana ɗaga murfi tana leƙawa.

Ƙauri ne ya fara ba da labari. Da aka juye, ƙasan ya yi baƙi ƙirin, tsakiya ta caɓe, saman kuwa ɗanye ne sharaf. 'Yan aji suka kewaye suna toshe hanci.

Nafosat ta dubi Zebo ta ce, "Ai shinkafarku ce ba ta da kyau. Wa ya san shekara nawa ta yi a buhu?"

Ban taɓa jin Zebo ta ɗaga murya ba sai ranar. Ta ce, "Shekara biyu. Ko ranar bikin haihuwar ƙanena Bobo bai bari an taɓa ta ba. Ni ya ba." Hawaye suka zubo mata, ta juya ta koma aji.

A wurina ba a zubar da abinci, wanda ya dafa shi ke ci. Na zuba wa Nafosat da Behruz a faranti. Behruz ya tauna loma ɗaya, ya dafe muƙamuƙi ya dube ni ya ce, "Ustoz, haƙorina ɗaya ya tafi, a sa min shi a maki." Aka kwashe da dariya. Nafosat ta cinye nata kanta a sunkuye, tana haɗiya da ƙyar. Sannan na miƙa mata cokali na ce ta kankare ƙanzon tukunyar. Ta fi awa ɗaya tana kankara, ita kaɗai a tsakar makaranta.

Da ta gama na ce mata, "Saura kwana goma sha biyu. In kuka faɗi gwaji na biyu, wani rukuni zan ba tukunyar, ku kuma wanke-wanke za ku yi. Sannan Zebo ta roƙe ni in sauya mata rukuni. Ba zan tilasta mata ta zauna ba."

Ta ɗago da sauri. "Ustoz, in ta tafi wa zai..." Sai ta ɗauki jakarta ta fita.

Abin da ya biyo baya ita da bakinta ta ba ni labari. Ranar farko ta je har ƙofar gidan su Zebo, kunya ta hana ta shiga, ta juyo. Kashegari ta daure ta yi sallama. Ta tarar da Tursun bobo zaune a kan gadon katako a ƙarƙashin rumfar inabi, yana shan shayi. Ta gaishe shi.

Ya ce, "Ke ce mai minti shida?"

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Bobo, ni ce na ƙona shinkafarku. Ba laifin shinkafa ba ne, ba na Zebo ba ne. Nawa ne."

Tsohon ya kurɓi shayinsa, ya ce, "To, madalla. Zebo, kawo mata wuƙa da bokitin karas ɗin can."

Kwana uku tana zuwa bayan an tashi daga makaranta, ba abin da ya sa ta sai yankan karas. Yakan ɗebi abin da ta yanka ya shafa da yatsu, tunda ido ba ya gani sosai, ya ware masu kauri ya tura mata. A rana ta uku ta gaji ta ce, "Bobo, wai yaushe za mu kai ga tukunyar?"

"Tukunyar na nan, 'yata, ba ta da ƙafa. Yanka."

A nan ta lura da abin da ya ba ta mamaki. Zebo na gefenta tana yanka a hankali kamar kullum, amma kwanon Zebo ke riga nata cika. Dalili kuwa, ba a taɓa mayar wa Zebo ko sili ɗaya ba, ita kuwa rabin aikinta maimai ne. Ta ajiye wuƙa ta ce, "Zebo, ni na fara kiranki Kunkuru tun muna aji biyar. Ki yafe min. Kada ki bar rukunin."

Zebo ta ce, "Riƙe wuƙar daga nan, ki lanƙwashe yatsunki. Haka za ki yanke hannu." Daga ranar ba ta sake yi min maganar sauya rukuni ba.

Daga nan Tursun bobo ya kai su gaban murhu, har da Behruz. Ya koya musu narkar da kitsen tunkiya, da soya albasa har ta yi ja ba ta ƙone ba, da shimfiɗa shinkafa a saman nama ba tare da an gauraya ba. Ya sa su rufe ido su saurari tukunya, su gane yadda ƙararta ke sauyawa idan ruwa ya kusa tsotsewa. A wannan fanni Zebo ta fi su nesa ba kusa ba. Ya nuna musu yadda ake tattara shinkafar ta yi tudu, a huda ta da ƙotar ludayi, a zare itace a bar garwashi. Ya ce, "In kun rufe, kun gama naku. Minti ashirin da biyar, ko gobara ake a maƙwabta kada wanda ya ɗaga murfin nan."

Suka ci gwaji na biyu. Gishiri ya ɗan yi kaɗan, amma na bar musu tukunyar.

Ranar biki aka wayi gari da ruwan sama. Itacen da aka tara ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa sai hayaƙi, har suka makara da kusan awa guda. Tsofaffi saba'in suka cika zauren makaranta, cikinsu har da Tursun bobo. Sauran rukunoni suka kai miyarsu da gurasarsu, aka ci aka share kwano, aka koma shan shayi ana leƙen ƙofa. Akwai kuma wani babban baƙo daga ofishin ilimi na gunduma, wanda ya fara duba agogo.

Minti goma da rufe tukunya sai ga shugaban makaranta ya fito da sauri, gumi a goshinsa. Ya ce, "Ku buɗe ku zuba haka nan. Baƙonmu ya ɗauki rigarsa."

Ni kaina na kusa cewa a buɗe. Kafin in yi magana, Nafosat ta matsa ta tsaya tsakaninsa da murhu.

Ta ce, "Ustoz, ku yi haƙuri. Saura minti goma sha biyar."

"Ke, kin san wanda ke jira kuwa?"

"Na sani, ustoz. Amma in na buɗe yanzu, ɗanya za ta fito. Tsofaffin nan rabinsu ba haƙora. Gara a ce mun makara da a ce mun ba su abin da ba za su iya taunawa ba."

Shugaban ya dube ni. Na ce, "Ita ce mai tukunya." Ya yi tsaki ya koma ciki. Nafosat ta juya ga Behruz ta ce, "Yau bakinka zai yi rana. Ɗauki butar shayi, ka riƙe mana su."

Behruz ya ce, "Shekara tara kina cewa in yi shiru, yau kuma roƙona kike in yi magana? A rubuta wannan rana!" Ya ruga. Ba a jima ba muka jiyo dariya daga zaure, yana ba su labarin haƙorin da ya kusa rasawa ranar gwaji.

Da lokaci ya cika, Nafosat ba ta taɓa murfin ba. Ta dubi Zebo ta ce, "Ya yi?"

Zebo ta durƙusa ta kara kunne kusa da tukunya. "Garwashin ba ƙarfi yau. Ƙara minti uku."

"To, minti uku."

Ban taɓa ganin minti uku masu tsawo kamar waɗannan ba. Da Zebo ta gyaɗa kai, Nafosat ta yi bisimilla ta ɗaga murfin. Tururi ya tashi, ƙamshi ya ratsa tsakar makaranta har cikin zaure, hayaniya ta ɗauke. Shinkafar ta yi warawara, kowace ƙwaya na sheƙi, karas ya yi laushi bai dagargaje ba, ƙasan tukunya kuwa ko kamawa bai yi ba. Baƙon da ya riga ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya shaƙi iska, ya cire rigarsa ya koma ya zauna.

Nafosat da kanta ta kai wa Tursun bobo akushinsa. Ya sa yatsu ya murza 'yan ƙwayoyi, ya kai baki, ya daɗe yana taunawa. Can ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku ci. Wannan osh ne." Aka ɗauki tafi, tsofaffin mata na ta sa albarka. Ko loma ɗaya ba ta yi saura ba.

Bayan an yi addu'a, shugaban makaranta ya kira Nafosat ta karɓi takardar yabo a madadin rukuninta. Ta fito, amma ta riƙo hannun Zebo ta jawo ta gaba. Ta ce, "Ustoz, ita za ku ba. Ni murfi kawai na tsare. Ita ta san lokacin buɗewa." Zebo ta karɓa tana rufe fuska don kunya, Behruz na ihu daga baya wai shi ma a ba shi ta surutu.

Nafosat ba ta daina ƙoƙari a karatu ba, ita ta zo ta ɗaya a ƙarshen shekara. Sai dai ta koyi jiran mutane su gama magana, har ta riƙa zama da 'yan ƙananan aji tana koya musu lissafi, ta maimaita abu sau biyar ba ta ƙosa ba. Yau tana karatun aikin likita a Tashkent, kuma duk hutu gidan su Zebo take fara sauka.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kaifin basira ba ya maye gurbin haƙuri, kuma saurin fahimta bai ba mutum damar raina na gaba da shi ko abokin zamansa ba. Garaje na ɓata aikin da aka sha wahala a kansa, girman kai kuma na sa mutum ya ɗora wa wani laifin kansa. Wanda ya yarda ya yi kuskure, ya nemi gafara, ya zauna ya koya a hannun wanda ya sani, shi ne zai iya tsayawa kan daidai ranar da kowa ke matsa masa ya yi gaggawa.