Ranar da Tseren Keke Ya Ratsa Makara

Akwai wanda ya ci amanar tarihin tseren kekuna na zagayen ƙasa, kuma ya san kansa. Ya tsaya gaban jama'a yana cewa wai don gaisuwa ne 'yan tsere ke sauka su tura kekunansu in sun iso Tudun Makera. Gaisuwar me? Ku matso ku ji abin da ya binne.

Shekarar da aka fara tseren, zango-zango ake yi, gari zuwa gari, wanda ke kan gaba shi ke sa rawayar riga. A zangon ƙarshe rigar na jikin Ɗanliti. An sha ruwa, laka ta mai da kowace riga kala ɗaya. Yana gangarowa Tudun Makera sai ga jama'a ɗauke da makara suna tsallaka titi. Ko yaro ya san mai keke sauka yake in ya ga gawa. Ɗanliti ya duƙar da kai, ya ratsa tsakiyarsu har kafaɗarsa ta gogi likkafani, ya wuce ya ci tsere.

Abokan tserensa uku suka kwashe abin da ya zubar.

Bawale ne ke dab da bayansa, shi kaɗai ke iya ƙwace rigar. Da ya ga samari sun ɗaga sanduna suna jiran ayarin masu keken da ke tafe, sai ya ja birki, ya kwantar da keke, ya sa kafaɗa a makara har bakin kabari. Sanduna suka sauka. Shi ya zo na ƙarshe, kuma bai sake samun irin wannan damar ba.

Bayan an watse, dattawan gari suka aiko: a kawo marar kunyar, ko kuma kada taya ta sake taɓa ƙasarsu. Hanya kuwa ɗaya ce, in an rufe ta tsere ya mutu. Ɗanliti ya kulle kansa a masauki, wai zazzaɓi. Tanimu ya tafi, ya durƙusa gaban ɗan mamacin ya ce, "Ni ne, Baba."

"Kai ne? Gidanku ba a mutuwa?"

Tanimu ya sha mari, bai tona asirin Ɗanliti ba. Har yau jikokinsa in sun yi faɗa a makaranta, "jikan Tsallake-gawa" ake ce musu.

Duk da haka mai gari ya ce, "Mun yafe na bana. Baɗi fa, wa zai tsaya mana?" Gambo ya ce shi. Ya bar garinsu, ya jingine tsere yana tsakiyar ƙarfinsa, ya tare a Tudun Makera. Duk shekara yana bakin gari da farin ƙyalle, ko da gawa ko babu, sai kowa ya sauka ya tura. Haka ya tsufa a garin da ba nasa ba.

Bana aka kira Ɗanliti bikin tunawa, ana ta "uban tsere, uban tsere". Ya hango mutanen nan uku a bencin baya, rana na dukansu. Ya ture abincin da aka ajiye masa. Ya koma gida ya ciro tsohuwar rigar daga adaka, ya ce wa matarsa, "Hajiya, wannan ba tawa ba ce."

Ta ce, "Yau ka sani, Alhaji? To ta wa ce?"

Ya shimfiɗa rigar, ya shiga lissafi. Ba don Bawale ba da an zub da jini, ba don Tanimu ba da an rufe hanya, ba don Gambo ba da ba a ga shekara ta biyu ba. Riga kuwa ɗaya ce, ba ta yaguwa uku.

To, ku da kuke tafi in kekuna sun wuce, wa za a kai wa? Wanda kuma ke ganin Ɗanliti ya riƙe abarsa tunda shi ya riga isa, zai iya miƙewa ya faɗa a gaban jikokin Tanimu?