Dutsen da Ya Hana Zinariyarsa

A zamanin da, an yi wani sarki wanda arzikin ƙasarsa duka daga rami ɗaya yake fitowa. Jan dutse ake haƙowa, mai taushi, a daka, a wanke a ƙwarya, zinariya ta kwanta a ƙasa. Da rami ya yi zurfi sai jan dutse ya ƙare, aka tarar da baƙi, mai nauyi, yana ƙyalli kamar an watsa masa taurari. Fada ta yi murna. Amma daga ranar zinariyar da ake kawowa ta fara raguwa.

Sarki ya sa aka kamo Barmo, shugaban masu wankin dutse. Waziri Cindo ya ɗaga baƙin dutsen a gaban jama'a, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dubi ƙyallin nan. Ja marar haske ya cika mana taska, wannan kuma a ce babu? Hannun wani ne ya yi tsawo."

Sarki ya ce, "To, ranar Juma'a a rage masa tsawo."

Barmo yana da mata, Tabawa, mai sana'ar ƙuliƙuli. Shekara tara hannun nan yake kama mata tulu idan za ta sauke, ko an kira shi ko ba a kira ba. Ta kai masa fura kurkuku, ta tarar ya zuba wa tafinsa ido.

"Malam, gaya mini gaskiya, ina zinariyar?"

"Tana ciki, Tabawa, ina jin nauyinta. Ƙyallin da suke gani ba ita ba ce, shi ne ma ya rufe ta. Na daka har ya zama gari, ya ƙi saki."

Ta koma gida ta zauna gaban kaskonta. Tana juya gyaɗa, sai muciya ta tsaya a hannunta.

Ranar Juma'a an riga an kafa gungume, hauni yana wasa wuƙa. Tabawa ta ratsa taro ta faɗi gaban sarki.

"Ranka ya daɗe, ɗanyar gyaɗa tana ba da mai?"

Waziri ya yi dariya. "Baiwar Allah, nan fada ce, ba madafa ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa ba a sani ba. Sai an soya ta take saki. A gasa dutsen nan ma a gani."

Sarki ya ɗaga hannu, hauni ya dakata. Aka kawo kwando biyu na baƙin dutse. Na farko aka daka aka wanke a idon kowa, ƙwarya ta fito kusan wayam. Na biyu Tabawa ta jibge shi kan itace ta cinna wuta. Wani hayaƙi rawaya ya tashi mai warin farar wuta, ya kwanta a kan fada. Dattawa suka toshe hanci da rawani, tattabaru suka watse daga soro, ɗaya ta faɗo ba ta ƙara motsi ba. Sai la'asar dutsen ya huce, ya koma ja, yana marmashewa a yatsa. Aka kwance Barmo ya wanke. Zinariya ta kwanta, ba ta kai ta da ba, amma ga ta.

Waziri ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, ranka ya daɗe. Sai dai itacen da ta ƙone ya kusa cinye ribar."

Sarki ya dubi Barmo. "Baƙin nan, nawa ya rage a rami?"

"Duk abin da ya rage shi ne."

Sarki ya daɗe yana kallon tattabarar, sannan ya yanke cewa daga yau a riƙa tambayar launin dutse kafin a tambayi mai wanki, gashin dutse kuma a yi shi nesa da gari, inda iska ba ta komowa da hayaƙin. Ya sa aka cire gungumen.

Suka fito ta ƙofar fada, jama'a na darewa. Tabawa, wadda ko sunansa ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba, ta kama hannun Barmo, ba ta saki ba har gida.

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan.