Ɗakin Sama na Tsohuwar Majema

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, na zo muku da abin gardama.

Alhaji Mamuda ya gaji wata tsohuwar majema a Kano, shekara ashirin tana rufe, sai jemagu. Rana ɗaya hukuma ta shafa mata jan fenti, ta ce ko a gyara ko katafila ta zo. Tsohon ya kasa cin abinci, don ubansa ne ya gina ta. Ya yi alkawari duk wanda ya ceci ginin, ofishin mahaifinsa na sama ya zama gidansa.

Injiniya Ramatu ce ta fara zuwa. Ta dubi tsayin rufin, ta zana gidaje goma sha biyu, kowanne da ɗan benensa a ciki. Wata uku tana sintirin ofisoshi da zanen a hammata, har aka goge fentin.

Ranar da za a ɗora katangu, sai ga Baba Tanimu, wanda ya yi shekara talatin yana jima a nan. Ya buga sandarsa a daɓe ya ce, "'Yata, kada ki ɗora a nan. Ramukan jima bakwai ne a ƙasa, yashi kawai muka zuba muka shafe." Babu takardar da ta nuna su. Aka tona, ga su nan cif.

Aka gama aiki, amma ko kare bai tare ba. In an zo ganin gidajen, maza su yaba, mata su taɓe baki. Lantana, mai sayar da abinci a bakin ƙofar, ta ce, "Alhaji, ina mace za ta yi shanya? Ina za ta ajiye turmi? Ku fasa rufin tsakiya a sami tsakar gida." Ran Injiniya bai so ba, amma aka fasa. Lantana ta bi gida-gida tana jawo mata su gani, kafin sallah ko'ina ya cika.

Ga inda abin yake ba ni tausayi. Ramatu da ke zana wa mutane gidaje, ɗaki ɗaya take haya da marayunta uku. Baba Tanimu a zauren surukinsa yake kwana, kunya na cin sa. Lantana kuwa, rumfarta aka rushe aka kafa sabuwar ƙofa.

Mabuɗi ɗaya ne, kuma Alhaji Mamuda na juya shi a hannu. To, a tafin wa zai sa shi?